Gyaɗa a Kwalbar Giya

Ejan da ya yi mini hanya ya rantse cewa direban ofis zan zama, mota mai sanyi, farar riga, in kai manya in dawo da su. Da na sauka Riyad aka kwashe mu a bas zuwa wani fili a bayan gari, aka nuna mini motar. Motar shara ce. Ba ma babbar nan mai matse shara da kanta ba, 'yar ƙarama mai buɗaɗɗen baya, an ɗaure ƙofarta da waya. Na ce wa mutumin da ya kawo mu an yi kuskure. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Inta sawwaƙ? Hadi sayyara. Yalla." Wato ba ka ce kai direba ne ba, to ga mota. A lokacin ban san Larabcin da zan zage shi da shi ba, sai na zage shi da Hausa, ya gyaɗa kai ya wuce abinsa.

Masaukinmu a Manfuha yake, tsohuwar unguwa a kudancin gari inda talakan kowace ƙasa yake tarar da ɗan'uwansa. Benen ya gaji da duniya, matakalarsa na warin albasa da jiƙaƙƙen takalmi. A ɗakinmu an jera gadajen ƙarfe masu hawa biyu, kowa ya rataya zani ya kare nasa, wannan zanin shi ne katangarka shi ne ƙofar gidanka. Na tsaya da jakata a tsakar ɗaki, kowa na yarensa, ba wanda ya ko ɗaga kai. Sai na ji murya daga ƙasan wani gado.

"Kai, ɗan ina? Hancin ga naka na Katsinawa ne."

Na ce, "Funtuwa."

"To ai gida guda. Aje kayanka, taho ka sha shayi."

Baba Isuhu kenan, mutumin Maraɗi, dattijo siriri mai furfura a gemu. Ya riga ni zuwa da shekaru. Shi ya nuna mini shagon da ake samun busasshiyar kuɓewa, shi ya koya mini cewa iƙama, katin zaman ƙasa, ba a barinta a ɗaki ko da burodi za ka sayo a ƙasan bene. Ranar da wani ya zubar mini da ruwan wanka na ɗaga bokiti zan kwaɗa masa, Baba ne ya riƙe hannuna. Ya ce, "Sabi'u, zuciyar ga taka ka maida ta Funtuwa. Nan ba ta da biza."

Kafin ya fito, shi ne ladanin masallacin unguwarsu, gadon mahaifinsa. Gero ya ƙi shekara biyu a jere, ya bar wa ƙaninsa kiran salla ya fito neman abin da zai riƙe gida. Aro ya ba shi, haka yake faɗa kullum, aro. Ba shi da babbar gona, ba shi da shago. Abin da ya mallaka a duniya sunansa ne. In an yi rigimar iyakar gona shi ake kira ya faɗi inda take, matafiyi shi yake bar wa makullin gida. Yakan ce, "Ni in na koma da sunana yadda na hito da shi, na ci riba, ko da hannu biyu na koma." In ya faɗi haka dariya nake yi, don ni a lokacin ban san wata riba da ba riyal ba.

Aikinmu a arewacin gari yake, wata unguwa da aka zagaye da doguwar katanga, inda Turawa da sauran baƙi masu manyan albashi suke zaune. Mu dai Cikin Katanga muke ce mata. Kana wuce ƙofa ka bar Saudiyya a baya. Ciyawa kore shar, mata na tuƙa keke da gajeren wando, ana yawo da kare da igiya a wuya. Mu kuma muna bin layi-layi muna kwasar abin da suka ci suka rage. Ni ke tuƙi, Baba Isuhu da wasu mutum biyu suna lodi.

Tun makon farko na lura akwai wasu baƙaƙen ledoji da ba a ajiye su a bakin titi. A bayan kicin ake ɓoye su, an ƙulle bakinsu tam, in ka ɗaga ka ji kacau-kacau. Ba sai an gaya wa kowa hukuncin giya a ƙasar nan ba, baƙo in an kama shi da ita ya gama zama. Ta inda take shigowa Cikin Katanga, ba ni aka aika in bincika ba. Abin da na sani shi ne, bayan an sha kwalba ba ta narkewa. Dole wani ya fitar da ita, kuma ba wanda ya sha ɗin ba ne zai fitar.

Shugaban aikinmu, wanda muke kira Mudir, Balarabe ne amma ba ɗan ƙasa ba, mai son turare da ɗan tawul a kafaɗa. Ya tsara abin tsaf. Akwai wata tsohuwar durom a bayan ɗakin janareta. Can ake juye kwalaben, a sa rodi a daka su har su zama tsaki, a shimfiɗa a ƙasan motata, a rufe da ciyawar da aka yanke. Ni zan fita da su ta ƙofa, in hau titi, in wuce shingen askarawa, 'yan sandan ƙasar, ina murmushi. Shi Mudir ko kusa da durom ɗin ba ya zuwa, wai warin na sa masa ciwon kai. To wa aka miƙa wa rodin? Baba Isuhu. Ladani guda, mutumin da ko ƙofar gidan burkutu bai taɓa bi ba, shi zai tsaya cikin ranar Riyad yana daka kwalaben wuski, tururin na hawa masa ka, kowane bugu da istigfari.

Abin mamaki, ba warin ne ya fi damunsa ba. Ɓarnar ce. Wata rana na same shi ya dakata da dakan, ya ɗaga wata mai kusurwa huɗu, gilashinta kauri, yana haska ta a rana.

"Dubi wagga don Allah," in ji shi. "Wagga a kasuwar Maraɗi sai mata sun yi hwaɗa kanta. Mai zuma na so, mai mai na so. Mi ta yi da za a kashe ta?"

Na gane abin da ke cin sa, don ni ma a shagon tireda na tashi. A gida kwalba tana da mai ita. In ka sayi lemo za ka tafi da shi, sai ka ajiye kuɗin kwalba, ka dawo da ita a mayar maka. Na sha bulala a hannun mahaifina kan kwalba ɗaya da ta ɓace a kireti. Wadda kamfani ba ya karɓa kuma ba ta mutuwa, masu saye na bin gida-gida suna neman ta. Kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a tasha ya san a me ake sayar da soyayyiyar gyaɗa: a kwalbar wuski. Liman na saye, Alhaji na saye ya ajiye a mota, ba wanda ya taɓa tambayar me kwalbar ta ɗauka kafin ta musulunta. An wanke, magana ta ƙare. Ita kanta matar Baba Isuhu, Inna Hadiza, da wannan sana'ar take taya shi riƙe gida.

A duk Cikin Katanga mutum ɗaya ne yake gaishe mu, wani dogon Bature injiniya. Yakan ajiye mana ruwan sanyi a kan katangarsa, kuma ba na raina wannan, wanda ya yi shara a watan zafi ya san darajar ruwan sanyi. Wata rana ya taya ni ɗaga baƙar ledarsa, muka taɓa hira da ɗan Turancina na sakandare. Ya ce a ƙasarsu kowace kwalba da kuɗi a kanta, tun wurin saye ake cajinka, in ka kai ta shago ka tura a na'ura sai ta mayar maka da kuɗinka. Na ce ai mu ma muna yi, na'urar ce dai ba mu da ita. Ya yi dariya.

"A nan kuwa ni nake biya a ɗauke," in ji shi.

Na ce, "Biya? Wa kake biya?"

"Mudir ɗinku mana. Kuɗin kare muhalli, na gilashi. Duk gidan da ke da baƙar leda yana ba shi duk wata." Ya dubi fuskata. "Ba ya ba ku?"

Kare muhalli! Na ja motar nan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mu ne da wari, mu ne da yankan gilashi a yatsu, ni ne da bugun zuciya a kowane shinge, shi kuma mai tawul yana zaune cikin sanyi yana kare muhallin aljihunsa. Na sami Baba a bakin durom na zazzage masa, na ce yau sai na shaƙe mutumin nan.

Ya jingina rodin ya ce, "To in ya raba da kai, amsa za ka yi?"

Na ce, "Haƙƙina ne."

"Kuɗin giya? Ka aika ma uwarka ta sai hatsi da su?"

Ya sake ɗaukar rodin.

"To bar mai abinshi. Shi da Allah."

Bayan wannan ne ya fara. Ba da yawa ba, yau ɗaya, jibi ɗaya, wadda ta fi kyau sai ta shige jakar abincinsa maimakon durom. Masu gadin ƙofa mai shiga suke bincika, ba wanda ke son sa hannu a jakar ɗan shara. A saman benenmu yake jiƙa su har takardar jiki ta saki, ya wanke da ruwan zafi da garin sabulu, ya zuba yashi ya girgiza, ya sake ɗaurayewa, ya kife su a rana. Ya sayo ɗanyar gyaɗa wurin 'yan Sudan a unguwar Al-Oud, ya roƙi rairayi mai laushi a wurin magina, ranar Juma'a da hantsi ya ɗora kasko.

Na ce masa, "Baba, nan fa ba Maraɗi ba ce."

"Na cire takarda, na wanke. Haramun ɗin na ciki ne, ya tahi. Je ka tambayi malamin da kake so."

"Ni ba malam nake tsoro ba."

"Askar ya kama ni da gujiya?" Ya yi dariya har da tari. Gujiya yake ce wa gyaɗa, irin ta mutanensu.

Na ce ya zuba a leda mana. Ya kalle ni kamar na ce ya yi kiran salla da Turanci. Gyaɗar leda, in ji shi, kwana biyu ta yi sanyi, ta zama abincin akuya.

Kuma gaskiyarsa. Bayan an sauko daga Juma'a sai ka ga mutane na hawowa saman benen nan, 'yan Kano, 'yan Damagaram, direbobi, magina, masu gadi. Gyaɗa yake sayarwa, kwalba kuwa ba ta sayarwa ba ce: ka ajiye riyal biyu, ka dawo da ita ka karɓi abinka, ko a sake cika maka. Mutane suka riƙa dariya suna biya, wani ya ce rabonsa da jin kalmar kuɗin kwalba tun yana ɗan firamare. Na ga wani ƙaton magini ya karkata kwalbar a tafin hannunsa, gyaɗa ta gangaro ta wuyan nan da 'yar ƙararta, sai ya juya mana baya ya daɗe yana kallon rufin gidajen mutane. Ni ma na ci, na more. A duk mako wannan yammacin ne kawai Riyad take sakar mini wuya.

Abin da ruwan zafi bai iya cirewa ba shi ne sunan da aka zana a jikin gilashin kansa. Mu ba ma ko ganinsa, mun saba da shi tun muna yara. Askar kuwa yana gani. Wani direban tasi ɗan Kano, Nura, ya ajiye tasa kwalbar a gefen kujera yana ci yana tuƙi, yadda ubansa yake yi a hanyar Zariya. Aka tsayar da shi a shinge. Kafin ya buɗe baki an fito da shi daga mota. Suka shinshina kwalbar, suka zazzage gyaɗar, suka sa shi ya hura na'ura, suka birkice motar. Ba su sami komai ba. Sai suka tambaye shi ina ya samo ta. Nura ya faɗi sunan tsoho da sunan kamfaninmu. Suka sake shi, suka buga wa kamfani waya. Ban ga laifinsu ba, aikinsu suka yi, kuma da a hannunsu maganar ta tsaya da ta mutu a nan.

Washegari da la'asar Mudir ya shigo ɗakinmu, karo na farko da ƙafarsa ta taka Manfuha, hanci a toshe da tawul. Ya fizge zanin gadon Baba, ya sa aka jawo kwalin da ke ƙasa. Kwalabe ne wankakku, babu komai a ciki, suna jiran Juma'a. Ya jera su a ƙasa da hannunsa, yau warin bai sa masa ciwon kai ba. Ya ce Baba ya zauna a bakin gado. Ya ɗaga waya. Shi kuwa bawan Allah, da ya ga za a ɗauki hoto, sai ya gyara zaman hularsa.

Wannan gyaran hular har gobe yana ƙona mini rai.

Aka kira Baba ofis, na bi shi a matsayin tafinta, don zuwa lokacin Larabcina ya fi nasa. Wakilin mai kamfani na zaune a bayan teburi yana juya carbi. Mudir ya yi ta zuba: tsohon nan yana bin gidajen mutane yana satar abin da ya rage a kwalabe, yana kaiwa Manfuha yana sayarwa, ya jawo wa kamfani idon hukuma. Wakili bai ko tambayi Baba ba. Ya ce huruj niha'i. Wato fita ta ƙarshe, a soke iƙama, a sa ka a jirgi.

Na fassara. Baba ya miƙe tsaye.

"Hwaɗa mai a kai ni wurin askar," in ji shi. "A ɗebi jinina a auna. A kai ni gaban alƙali, a kira waɗanda sunka saya, a tambaye su mi na saida musu. In an samu ɗigo guda a yi mini abin da shari'a ta ce."

Ka taɓa jin baƙo a ƙasar nan yana roƙon a kai shi wurin 'yan sanda? Ni na ji, da bakina ma na fassara. Wakili ya yi murmushi ya ce, "La, la, ya Hajj. Mu rufa maka asiri muke yi, saboda tsufanka." A nan na gane. In magana ta je gaban hukuma, tambayar farko ita ce daga wace katanga kwalaben suka fito, ta biyu wa ke fitar da su, ta uku wa ke karɓar kuɗi. Asirin da ake rufawa ba na Baba ba ne.

Zuciyar da aka ce in mayar Funtuwa ashe tana nan. Na daina fassara na fara tawa. Na faɗi durom, na faɗi rodi, na faɗi ciyawar da ake rufawa, na faɗi kuɗin kare muhalli gida-gida. Na buga teburi har kofin shayi ya yi tsalle. Wakili ya dubi Mudir. Kallon bai yi kama da na wanda ya ji sabon labari ba. Ya ce, "Ina shaidarka?" Mudir kuwa ya matso kusa da ni, turarensa ya cika mini hanci, ya ce a hankali, "Ya sadiƙ, abokina, wa ke tuƙa motar da ke fita da gilashin?"

Baba bai ji Larabcin ba amma ya ga fuskata. Ya kama gefen rigata ya ja ni waje. An bar jaki ana dukan taiki, kuma an nuna mini cewa akwai sauran taiki a ajiye.

Shaida suke so, na tafi neman shaida. Na buga ƙofar Baturen nan mai ruwan sanyi. Ya saurare ni har ƙarshe, fuskarsa ta yi ja, ya dafe kai, ya yi ta cewa abin bai yi daɗi ba, tsohon kirki ne. Na ce to ya zo ofis ya faɗi cewa yana biyan Mudir. Ya ce in ya faɗi haka ya faɗi abin da ke cikin ledarsa kenan, kuma yana da kwantiragi, yana da yara a makaranta. Ya shiga ciki ya fito da ambulan, ya ce in kai wa tsohon. Na ce masa ba bara aka aiko ni ba. Na bar shi tsaye a ƙofa da ambulansa. Washegari ruwan sanyin na kan katanga kamar kullum, na wuce shi.

Duk wannan da sauƙi a kan abin da ya biyo baya. Mudir ya tura hoton a zauren waya na ma'aikata, wai gargaɗi. Daga nan hannun Mudir ya fita, sauran aikin mu muka yi wa kanmu. Wani namu ya ɗauka ya tura zauren 'yan Nijar mazauna Riyad. Wani ya ƙara rubutu a ƙasa: an kama ladani da kwalaben giya a ƙasa mai tsarki. Wani ya bi da muryarsa yana salati yana kuka da lalacewar zamani. Na san muryar. Mutumin nan kwalba biyu yake saye duk Juma'a, har yana cewa a zaɓo masa mai kusurwa huɗu. Na yi magana mai tsawo na tura, na faɗi komai da sunana. Ba wanda ya tura ta gaba. Hoton dattijo da hula a gyare da kwalabe a gabansa ya fi daɗin turawa. Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. To ni na ga wadda ta yi 'ya'ya, har ta kai su Maraɗi kafin a gama buga takardun mai ita.

Kwanakin da suka rage Baba bai fita ba sai masallaci, can ma sahun baya yake tsayawa, ana sallamewa ya fice. Waɗanda suka cika saman bene duk Juma'a suka ɗauke ƙafa. Nura kaɗai ya zo, ya durƙusa yana kuka, Baba ya dafa kansa ya ce tashi, tsoro halitta ne. Wayarsa ta yi ta ƙara daga gida, yana kallonta har ta katse. Na ce ya ɗauka mana ya yi musu bayani. Ya ce, "In ce mi? In ce ban sha giya ba? Ni Isuhu, da gemuna, in buɗe baki in hwaɗa ma ɗiyana ban sha giya ba? Bakina bai iya ɗaukar wagga magana."

Nura ne ya kai mu filin jirgi, bai karɓi ko sisi ba. Jakar Baba ɗaya, ba ta ma cika ba. A bakin layin da ba a barin mai rakiya ya wuce, ya tsaya ya riƙe hannuna da hannu biyu. Tafinsa duk tabon gilashi ne.

"Sabi'u, abu guda nika roƙonka. Kai ka gani da idonka, tun daga hwarko. Ka kira Hadiza kahin in isa. Mutanen unguwa su hwaɗi abin da sunka ga dama, in dai ita ta san gaskiya, ina iya shiga gidana. Kai ne shaidata."

Na ce, "Baba, ko a gaban wa."

Ya saki hannuna ya shiga layi. Bai waiwayo ba.

Da safe, kafin motar aiki ta zo, na hau saman bene inda waya ta fi kamawa na kira lambar da ya ba ni. Wata yarinya ta ɗauka, na ce Inna nake nema, daga Riyad. Sai ga muryar dattijuwa, a dushe. Muka gaisa, ta tambayi aiki, na tambayi yara. Na ce ni ne Sabi'u, maƙwabcin gadon Baba, yana hanya, kuma akwai maganar da ya ce in gaya mata.

"Mun gani," in ji ta. "Yara sun gwada mini a waya. Liman ma ya zo jiya ya yi muna jaje."

Na fara tun daga durom. Na gaya mata rodin, da wankin, da rairayin, da kaskon. Na ce, "Inna, sana'arki ce ya yi, irin kwalaben da ke ɗakinki ne, ba abin da ya taɓa shiga cikinsu a hannunsa sai gyaɗa." Tana ta cewa to, to. Da na gama na ji motsin takalmi, kamar ta tashi ta koma inda ba kowa. Ta rage murya.

"Ɗana, tsakaninka da Allah, ba mai ji daga bakina. Saidawa kawai shika yi, ko shi ma shina sha?"

Na rasa inda zan sa kaina. Matar da ta haifa masa 'ya'ya, wadda ta yi shekaru tana tashi da kiran sallarsa. Na rantse mata da Allah, na rantse da Alƙur'ani, na ɗaga murya har wani ya leƙo ta tagar benen da ke kallonmu. Na ce bai sha ba, bai sayar ba, ƙarya aka yi masa, ni na gani da idona.

Ta bari na gama. Sannan ta ja numfashi.

"To. Na gode, ɗana, Allah shi yi ma albarka. Na san kai abokinshi ne."

Ta kashe wayar.